Na'urorin gargaɗi a hancin motar alfarma: me ya kamata mai saye a Damagaram ya zaɓa?

Duk wanda ya kai matsayin sayen Ferrari, Lamborghini, McLaren ko Porsche 911, akwai tambayar da zai ci karo da ita tun kafin motar ta taso: shin ya ɗauki mai sensa a gaba, wato ƙananan na'urorin nan masu kama da maɓallin riga da ake binnewa cikin bamba domin su yi ƙara idan mota ta kusanci bango, ko kuwa ya nemi wadda fuskarta take sumul? Masu ƙin su suna cewa tabo ne a kan zanen da aka shafe shekaru ana gyarawa, kuma ƙorafinsu ba na banza ba ne, domin kyau yana cikin manyan abubuwan da ake biya a irin waɗannan motoci.

Sai dai ya kamata a san abin da ake kira ɓata kyau. Lamborghini Countach, wadda Marcello Gandini ya zana kuma ta shiga kasuwa a 1974, ita ce ta yaɗa salon hanci mai tsini da ke gangarawa ƙasa har direba ba ya ganin inda motarsa ta ƙare. Da aka kai ta Amurka, doka ta sa aka liƙa mata ƙaton bamba wanda ya sauya kamanninta gaba ɗaya. Idan aka gwada wannan da ɗigon sensa huɗu ko shida, kowanne faɗinsa bai kai santimita 2 ba, waɗanda aka shafa wa fentin jikin motar, sai a ga maganar ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba. A kan baƙar mota ko mai ruwan toka, sai an sunkuya ake ganinsu. A kan fara, ja ko rawaya ne zagayen bakinsu yake ɗan fitowa.

Sensar da kamfani ya saka da kansa tana aiki ne da sautin da kunnen mutum ba ya ji, tana aika shi tana kuma auna lokacin da ya ɗauka kafin ya dawo. An tsara mazauninta tun a zane, shi ya sa sau da yawa ake ɓoye wasu a baƙaƙen sassan da ke gefen kafofin shan iska. Wadda ake sakawa daga baya kuwa, ita ce ban ba kowa shawarar ya yarda da ita ba. Sai an huda bamba, sau da yawa bakinta yana tasowa sama da jiki, fentin ba ya dacewa sosai, kuma idan fentin ya yi kauri sai ya dushe sautin. Ramin da aka huda ba ya komawa, ga shi yana rage darajar motar ranar sayarwa. Akwai wata mai aiki da maganaɗisun lantarki, siririn zare ne da ake mannawa ta cikin bamba ba tare da huji ba, amma ba ta jituwa da ƙarfe ko kabon faiba (wani abu mai ƙarfi amma mara nauyi), kuma da kabon faiba ake yin sassa da yawa na gaban waɗannan motoci.

Babban abin da masu muhawarar kyau suke mantawa shi ne, sensa ba ta cika ganin abin da yake ƙasa sosai ba, alhali nan ne haɗarin yake. Tsakanin leɓen gaban irin wannan mota da ƙasa bai wuce santimita 10 zuwa 12 ba a mafi yawansu, saboda haka abokan gabanta su ne tudun rage gudu, bakin kwalta inda ya haɗu da yashi, dakalin ƙofar gida da duwatsun da ba su da wuyar samu a Damagaram. Kyamarar gaba ta fi sensa amfani a nan, domin tana nuna wa direba ƙasan da ke gaban hancinsa, kuma idonta ɗaya ne tak da ake ɓoyewa kusa da lambar mota. Aibinta ƙura ce, musamman lokacin hunturu, sai an riƙa goge ta.

Abin da ya fi duka biyun muhimmanci a ganina shi ne na'urar ɗaga hanci, wadda da danna maɓalli take ɗaga gaban motar kimanin santimita 4 yayin da ake tafiya a hankali. Ba ta taɓa kamannin motar ko kaɗan. A sababbin Porsche 911 da Chevrolet Corvette ta 2020 zuwa yau, tana iya haddace wuraren da aka saba ɗagawa ta yi da kanta. Motar da ba ta da wannan na'ura, komai kyanta, wahala za ta sha tsakanin unguwannin Birni da Zango.

Ita ma sensa tana da nata abin haushi a cunkoso irin na wajen kasuwar Dole, inda ƴan kabu-kabu da masu amalanke suke gilmawa dab da bamba, sai ta yi ta ƙara babu ƙaƙƙautawa. Amma akwai maɓallin kashe ta. Ƙarar minti biyu ta fi sauƙi a kan jiran sabon bamba daga Turai, tunda babu wakilin waɗannan kamfanoni a garin nan, kuma Yamai kanta tana da nisan kusan kilomita 900.

Idan kuɗi ba su isa duka ba, a fara da na'urar ɗaga hanci, sai kyamara, sannan sensar kamfani. Wanda kuma zai sayi motar da aka riga aka hau, ya sa amintaccen bakanike ya leƙa bayan bamba ya duba ko wayoyin na asali ne, ya gwada kowace sensa ɗaya bayan ɗaya, sannan ya kwanta ya kalli ƙasan leɓen gaba da fitila kafin a biya ko sisi.