Sharhi kan amfilifaya mai TPA3116D2: sai an taɓa ta take daɗin ji

Waɗannan ƙananan amfilifayoyi masu aisin TPA3116D2 (ɗan guntun lantarki da ke ƙara ƙarfin sautin) na kamfanin Texas Instruments, a jikin kwali za ka ga an rubuta wat 50 sau biyu. Ba ƙarya ba ne, amma sai da lasifika mai om 4 (om ma'aunin juriya ga wuta ne) da wuta volt 21, kuma a daidai nan sauti ya fara dagulewa. A lasifikar gida mai om 8, da cajar laftof mai volt 19, abin da za ka samu bai wuce wat 20 da ɗoriya ba. Ya ishi falo.

Babban aibinta shi ne "shiii" da take yi ko ba a kunna komai ba. Kara kunnenka a ƙaramar lasifikar sama za ka ji. Dalili shi ne masu haɗa ta sukan ɗaure ƙarfin ƙarin sauti a 32 ko 36 dB (ma'aunin ƙarin sauti) don ta yi ƙara ko da waya aka jona. Resista (ɗan abin da ke rage gudun wuta) biyu ne ke saita wannan a ƙafar aisin mai suna GAIN/SLV. Sa mai 20k (om 20,000) zuwa ƙasa, wato layin sifirin wuta, da mai 100k zuwa ƙafar aisin mai suna GVDD, ka sauko 26 dB. In kana da firi'am (na'urar da ke ƙara sauti kafin ya shiga amfilifaya) ko DAC (mai mayar da sautin dijital zuwa na analog) mai fitar da volt 2, sa 5.6k zuwa ƙasa, ka cire ta GVDD gaba ɗaya, ya zama 20 dB. Nan take shiru ya samu. Akwai ƙarin riba: juriyar mashigar sauti tana tashi daga 15k ko 9k zuwa 30k ko 60k, don haka kafasito (ɗan abin da ke tara wuta) mai 1 µF na mashiga ya daina cin bes. Resistocin ƙanana ne kamar ƙwayar riɗi, sai da hantsaki da bakin dalma siriri. In bod ɗin, wato allon da aka haɗa kayan a kai, mai aisi biyu ne, na biyun lissafinsa daban, kada ka kwafa masa waɗannan lambobi.

Sai koyil (naɗaɗɗiyar waya mai tace sauti) na mafita. Yawanci koyil mai 10 µH ne da kafasito mai 680 nF, wanda aka auna don om 4. A om 8 sautin sama yakan yi tsini, ya gajiyar da kunne. 22 µH yana gyara shi, matuƙar koyil ɗin zai ɗauki amfiya 4 zuwa 5 bai cika ba.

Manyan kafasitocin wuta kuwa, in ka ga volt 25 a jikinsu kuma kana ba ta 24, musanya su da masu 35. Iyakar aisin volt 26 ne. Sauya kafasitocin bai canza mini sauti ba, tsawon rai kawai yake ƙarawa, duk da ruwan yabon da ake yi wa kafasito masu tsada.

Abin da zai iya lalata ta: haɗa baƙaƙen wayoyin lasifika biyu wuri guda, ko barin ɗaya ta taɓa jikin akwatin ƙarfe. A wannan amfilifaya baƙar waya ba ƙasa ba ce, ita ma sauti take ɗauke da shi.