Sanyin Japan da kananzir ake korarsa

Yaya, gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, kai da Inna da yara. Ya hunturu? Na san yanzu hazo ya sauka Sakkwato, leɓe na tsagewa, masu shayi na ciniki.

Ka tambaye ni da me muke jin ɗumi a nan Saitama, kusa da Tokyo, tunda da asuba ruwan da ya kwana waje ƙanƙara yake zama. Za ka yi mamaki: kananzir. Wanda mu can tsada ta raba mu da shi, kowa ya koma gas da gawayi, shi ne abin ɗumama ɗakin talaka a ƙasar masu ƙera mota. Yawancin gidajensu ba a haɗa su da na'urar ɗumama gida gaba ɗaya ba, sai can arewa wajen Hokkaido. Ɗakin da kake zaune shi kake ɗumamawa, sauran gidan ko oho.

Hitar iri biyu ce. Akwai mai lagwani, tamkar rishonmu ne aka yi wa keji da gilashi, ba ruwanta da lantarki. Akwai mai fanka, wadda sai an jona ta take hura iska mai zafi. Corona, Toyotomi da Dainichi su ne sunayen da ka fi gani a shago. Ƙira kam ba a magana. In ka bangaji mai lagwani da ƙafa, nan take za ka ji ƙas, wuta ta mutu. Saboda girgizar ƙasa aka yi haka. Ba su manta ba cewa a girgizar Tokyo ta 1923 gobara ce ta fi cin rai, ba rushewar gini ba. Ita kuma mai fanka, in ta yi awa 3 tana ci sai ta yi ƙara ta kashe kanta, sai in ka tashi ka danna mata.

Amma ni ba hitar ce ta fi ba ni sha'awa ba, man ne. Fari tas, kamar ruwa. Fetur kuma an rina shi ruwan lemo don kada wani ya rikita su. Jarkar ma tata daban ce, mai lita 18, ja a nan gabas, shuɗiya a wajen Osaka, ba a zuba komai ciki sai kananzir. Ko ka je gidan mai, ko ka jira motar da ke zagaya unguwa da yamma tana sakin kiɗa, ka fito da jarkarka a cika maka a ƙofar gida. Ba ɗan bumburutu, ba kwalba a bakin titi, balle ka tsaya kana shinshinawa ko an yi masa algus da fetur. Mu da muka sha jin labarin fitila ta fashe a hannun mace saboda gurɓataccen kananzir, mun san darajar wannan.

Zuba man ma da ƙa'idarsa. Sai ka kashe hita, ka zaro tankinta, ka kai bakin ƙofa nesa da wuta. Ba a tuttulawa da mazurari, ɗan famfon roba ake matsawa, ko mai batir da ke tsayawa da kansa in tanki ya cika. Sannan ka ɗaure murfi tam, ka kifa shi ka duba ko yana ɗiga kafin ka mayar, don a kife yake zama a cikin hitar. Murfin da aka ɗaura a karkace yana cikin abubuwan da ke jawo musu gobara, shi da shanya tufafi a saman hita. Man bara kuma ba a amfani da shi. In ya yi rawaya yana tsami ya lalace, ya daskarar da lagwani har wuta ta ƙi mutuwa in an kashe.

Sai babbar magana, taga. A jikin kowace hita an rubuta a buɗe taga sau ɗaya ko biyu cikin awa, na minti ɗaya zuwa biyu, komai sanyi. Wutar tana cinye iskar ɗaki, in iskar ta ragu sai ta fara fitar da guba, kabon monoksaid, marar wari marar launi. Ciwon kai, jiri, tashin zuciya, sai barci mai nauyi. Ba a kwana da ita a kunne. Gubar nan, Yaya, ita ce dai ta kaskon garwashi a rufaffen ɗaki, ita ce ta hayaƙin janareta a zaure.

Shi ya sa maganar da ka yi ta a aiko wa Inna guda ɗaya, ban goyi baya ba. Mai fanka wutar Japan take sha, bolt 100, tamu kuwa ta ninka haka har da ɗoriya, ga shi ba kullum ake samunta ba. Mai lagwani za ta yi aiki, amma wa zai tabbatar mana da man da za a zuba mata? Kuma ka san Inna, in sanyi ya kama har ƙasan ƙofa take toshewa da tsumma. Sanyinmu na asuba ne, hantsi na yi ya tafi.

Bargo biyu masu kauri da safa na saya mata, suna cikin kayan da za a loda. Kaskon nata kuwa, don Allah a hura shi a tsakar gida har gawayin ya yi ja, ta sha ɗumi da taga a buɗe, a fitar da shi kafin ta kwanta. Ka sa ɗaya daga cikin yaran ya riƙa dubawa bayan isha'i, don in ita aka bar wa ba za ta fitar ba.

A gaida mutanen Mabera duka.