Shekara guda da YouVersion a wayata

Wata 'yar'uwa a ƙungiyar addu'armu ce ta matsa min na sauke manhajar nan, ni da farko ban so ba, don ina da Littafi Mai Tsarki na takarda wanda duk na zane gefensa da biro, to me zan yi da na waya kuma? Yanzu an zagayo shekara, bari in faɗi abin da na gani.

Kyauta ce, kuma ba talla, wannan kaɗai ya isa a yaba musu don wasu manhajojin kana tsakiyar Zabura sai tallar wasa ta faɗo maka a fuska. Wata ikilisiya ce a Oklahoma ta Amurka, Life.Church, ta fito da ita a 2008, zuwa 2021 an sauke ta sau miliyan 500. Akwai fassarar Hausa a ciki, in ka sauke ta sau ɗaya ko ba data za ka karanta, kana iya sa wa aya launi, ka rubuta tunaninka a ƙarƙashi, ka jera fassara biyu ka gwada in wata kalma ta shige maka duhu. Tsare-tsaren karatu kuwa sai ka gaji da zaɓe, daga na kwana 3 har na shekara guda wanda zai ratsa da kai surori 1,189 ɗin gaba ɗaya, wajen uku ko huɗu a rana.

Amma abin da ya sa na zauna rubutun nan shi ne ƙidayar nan da take yi, ta kwana nawa ka buɗe ta a jere ba fashi. Da farko ta taimake ni sosai fa, ni da nake tsallake sati ban buɗe Maganar Allah ba sai ga ni kullum da safe kafin in taɓa WhatsApp. Sai da na kai 140 da wani abu, rannan na kwana wajen jinyar wata tsohuwa da ba ta da kowa kusa, waya ta mutu ba caji, washegari na kunna na ga ƙidaya ta koma farko. Kai jama'a, yadda raina ya ɓaci ni kaina na ji kunya, wai ina jin haushin daren da na yi abin da Littafin ya ce in yi, saboda lamba ta goge. Nan na gane ashe akwai ranaku da yawa da nake buɗewa na minti ɗaya, in leƙa ayar ranar, in rufe, don kar lambar ta faɗi kawai. Manhajar ba ta ce in yi haka ba, zuciyata ce mai son a gani.

Ana cikin haka karatu ya kawo ni Matiyu 1 da 2, labarin Yusufu mijin Maryamu. Ku duba da kanku, mutumin nan ko kalma ɗaya tasa ba a rubuta ba a duk Linjila. An ce ya ɗauki Maryamu ya ɗauka, an ce ya tashi da yaron zuwa Masar ya tashi da daddare, an ce ya dawo ya dawo, shikenan, ba wa'azi ba shaida a gaban jama'a. Sai 1 Tasalonikawa 4:11 inda Bulus ke cewa mu yi zamanmu a natse, kowa ya kula da sha'anin gabansa, ya yi aiki da hannunsa. Ayar nan ban taɓa ganin an yi mata hoto mai furanni an ɗora a Facebook ba, ƙila don ba ta da armashi.

To yanzu ga yadda nake amfani da ita. Tsarin karatuna na mai da shi na sirri, abokai ba sa gani, na daina tura ayar rana a kowane guruf sai in akwai wanda na san tana masa magana, shi kaɗai zan tura wa. Na bar tunatarwar ƙarfe 5:30 don gaskiya tana tashe ni. Na kuma rage yawan karatun, gara aya biyar da zan ɗauki abu ɗaya in aikata kafin dare, ko da neman gafarar wanda na yi wa tsawa ne, ko cika alkawarin da na yi ta ɗagawa.

Wanda yake fama da fashin karatu ya sauke ta, za ta riƙe masa hannu. Tauraro huɗu da rabi na ba ta, rabin na riƙe ne don har yau ƙamshin na takardan nan nawa ya fi min. Lambata yau 11 take, jiya ma sai da yamma na tuna na duba.