Asibiti, gida ko gidan kula da tsofaffi: a ina Baba zai fi samun jinya?

'Yar'uwa, sannu da jinya, Allah ya ba Baba lafiya. Kin ce shekarunsa 79, ya faɗi ya karye a ƙugu, an yi masa aiki, yau kwanansa tara a gadon asibiti, likitoci kuma sun fara maganar sallama. Yana da hawan jini da ciwon sukari, sannan dare biyu ke nan yana farkawa bai san inda yake ba, har ke ma bai gane ki ba. Yayanki yana so a bar shi a asibiti sai ya warke sarai, ke kina so a koma da shi gida, ƙaninku kuma ya kawo maganar gidan kula da tsofaffi. Kina tambaya a cikin ukun nan ina zai fi samun kulawa.

Na daɗe ina aikin jinyar tsofaffi, kuma da ma'auni ɗaya nake auna kowane wuri: me tsohon yake iya yi wa kansa? A 1963 wani likita a Amurka mai suna Sidney Katz ya jera abubuwa shida da har yau ake dubawa: wanka, sa tufafi, zuwa ban ɗaki, tashi daga gado zuwa kujera, riƙe fitsari da bayan gida, da cin abinci da hannunsa. Ki zauna ki ƙirga nawa Baba yake yi shi kaɗai kafin faɗuwar nan, nawa kuma yake yi yau. Wurin da zai mayar masa da abin da ya rasa a cikin shidan nan, can ne wurinsa.

Asibiti na da abin da ba a samu a ko'ina. Likita na kusa, ana gwajin jini da ɗaukar hoto a take, akwai iskar oksijin, akwai allura ta jijiya da ƙarin ruwa, nas na nan dare da rana. Muddin ciwo na kan ganiyarsa, babu abin da ya kai shi. Fargabar yayanki tana da tushe, kada ki raina ta. Sai dai gadon asibiti yana cin tsoho a hankali, ba tare da kowa ya lura ba. A wani bincike da aka buga a Amurka a 2007, an kwantar da tsofaffi masu cikakkiyar lafiya kwana 10 a gado, aka tarar tsokar ƙafafunsu ta ragu da kusan kilo ɗaya. Masu lafiya ke nan, ina ga wanda aka yi wa aiki, ba ya cin abinci sosai? Tun 1935 wata likita a Ingila, Marjory Warren, ta gano haka, lokacin da aka damƙa mata ɗaruruwan tsofaffi da aka riga aka fid da rai da su a asibitin West Middlesex. Ta duba su ɗaya bayan ɗaya, ta tashe su daga gado, ta sa aka koya musu tafiya, da dama daga cikinsu suka bar asibitin da ƙafafunsu. Saboda haka maganar "sai ya warke sarai" tana da haɗari. Ƙashi zai haɗe, amma ƙafar da za ta ɗauki jikin ta riga ta zube.

Amma kafin a yi maganar fita, akwai ruɗewar daren nan, kuma ita ta fi damuna a duk abin da kika faɗa. Mutane kan ce ai tsufa ne, ko su ce ciwon mantuwa ya kama shi. Ciwon mantuwa a hankali yake shigowa, cikin watanni da shekaru. Wannan kuwa farat ɗaya take zuwa, cikin sa'o'i ko 'yan kwanaki, tana zuwa tana tafiya, da safe mutum garau, da dare ya birkice, ya kasa tsayar da hankalinsa a kan maganar da ake yi masa. Alama ce cewa wani abu yana damun jiki, kuma yawanci ana iya gano shi: cuta a mafitsara ko a huhu, ƙarancin ruwa a jiki, fitsarin da ya taru ya ƙi fita, bayan gida da ya yi tauri kwana da kwanaki, zafin ciwon da bai iya faɗa ba, sukari da ya sauka, ko wani sabon magani. Nas ta ƙwarai waɗannan take bi ɗaya bayan ɗaya kafin ta yi tunanin maganin barci. Ki roƙi kada a ɗaure shi a gado, ki kuma tambaya ko robar fitsarin da aka sa masa lokacin aiki har yanzu tana da amfani, don kowace rana da ta ƙara a jikinsa ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta.

Abin da ke taimakawa ba shi da wuya. A sa masa tabaraunsa da na'urar jinsa idan yana da su, a buɗe labule da rana, a rage haske da hayaniya da dare, a riƙa ba shi ruwa, a tashe shi zaune, wani nasa ya zauna kusa yana gaya masa inda yake da ranar da ake ciki. Likita Sharon Inouye da abokan aikinta a jami'ar Yale sun gwada irin waɗannan matakai, suka buga sakamakon a 1999: ruɗewar ta sauka daga kashi 15 cikin ɗari zuwa kusan kashi 10. Ki kuma kula, akwai nau'inta na shiru. Tsoho ya kwanta lamo, yana ta gyangyaɗi, ba ya damun kowa, a ce ai ya samu sauƙi. Wannan ita aka fi kasa ganewa.

To gida fa? Gida na ba da abin da asibiti ba zai iya bayarwa ba. Ya san gadonsa, ya san hanyar ban ɗaki ko a cikin duhu, yana jin muryoyin da ya saba da su, barci ya fi zuwa, abinci ya fi shiga. Na sha ganin tsohon da ya ƙi buɗe baki a asibiti, ya koma ɗakinsa ya ce a ƙaro. Idan har akwai hali, zuciyata tana tare da ke a kan gida.

Sai dai ina so ki kalli gaskiyar lamarin da idon basira. Nas mai zuwa gida takan yi awa ɗaya, ta wanke ciwo, ta auna jini da sukari, ta tafi. Sauran awa 23 naku ne. Wa zai tashi ƙarfe uku na dare ya juya shi? Wanda ba ya iya juya kansa ana sauya masa kwanciya kusan duk bayan awa biyu, in ba haka ba nauyin jiki ya danne fata a kan ƙashi, jini ya daina kaiwa, gyambon kwanciya ya buɗe. Bayan aikin ƙugu kuma akwai yadda ake juyawar, sai an nuna muku. Kullum da safe a duba dunduniya da ƙashin da ke ƙasan baya. A fata mai haske wurin kan yi ja, ko an danna da yatsa jan ba ya gushewa. A fata mai duhu ba lallai a ga ja ba, sai dai wurin ya ƙara duhu ko ya yi sheƙi, a taɓa a ji ya fi kewayensa ɗumi ko tauri. A sa matashi a ƙarƙashin ƙwabri yadda dunduniya za ta tsaya a sama ba ta taɓa katifa ba. Gyambon da ya fara cikin dare ɗaya yana iya ɗaukar watanni bai rufe ba.

Sannan ga faɗuwa ta biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kashi 28 zuwa 35 cikin ɗari na masu shekara 65 zuwa sama suna faɗuwa kowace shekara, wanda kuma ya taɓa faɗuwa ya fi kowa kusa da sake faɗuwa. Ki bi hanyar da ke tsakanin gadonsa da ban ɗaki da ƙafarki, ki kawar da shimfiɗar da ke zamewa da wayar lantarki, a bar fitila a kunne, a sa abin riƙewa a bango. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Idan duk 'yan'uwa sun ce "za mu taimaka" amma ba a rubuta wane ne mai daren Litinin ba, to ke kaɗai ce, kuma cikin mako uku za ki gaji har ki fara yi wa Baba tsawa ba da son ranki ba. Na ga wannan a wurin 'ya'ya masu tsananin ƙaunar iyayensu.

Gidan kula da tsofaffi kuwa, abu biyu ne ake kira da suna ɗaya, kuma ina zaton a nan ne ku da ƙaninku ba ku fahimci juna ba. Akwai wurin farfaɗowa na ɗan lokaci, inda masu gashin ƙashi ke aiki da mutum kusan kullum na wasu makonni da nufin ya koma gida. Akwai kuma wurin zama na dindindin, ga wanda ya rasa yawancin abubuwa shidan nan ko mantuwarsa ta yi nisa har ba a iya barinsa shi kaɗai. Na farko yana iya dacewa da Baba ƙwarai. Na biyu ban ga dalilinsa yanzu ba, tunda kafin ya faɗi da ƙafarsa yake yawo.

Abin da irin wannan wuri ya fi gida da shi shi ne karɓa-karɓa: wanda ya kwana a farke zai tafi ya huta, wani ya karɓa. Akwai kayan ɗaga majinyaci, akwai abokan hira. Inda yake gazawa kuma shi ne yawan mutane a hannun mai kula ɗaya. Idan hannu ya yi kaɗan, sai a ɗaura wa tsoho ƙunzugu alhali da an riƙe shi zai kai ban ɗaki, a ba shi abinci a baki alhali da an yi haƙuri zai ci da kansa. Haka ake rasa abubuwa shidan nan ɗaya bayan ɗaya. Kuma ba kowane gida ke da ƙwararriyar nas da dare ba, wasu mataimaka ne kawai. Akwai wata magana mai ɗaci da ba zan ɓoye miki ba: alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna biyu cikin uku na ma'aikatan irin waɗannan wurare da aka tambaya sun amsa cewa sun muzguna wa wani tsoho a cikin shekara ɗaya kafin a tambaye su. Alƙaluman dai sun nuna kusan ɗaya cikin shida na tsofaffin da ke zaune cikin jama'a su ma sun gamu da muzgunawa. Saboda haka ko'ina yake, sai da idon nasa a kansa. Gani ya kori ji: ki je ba tare da sanarwa ba, lokacin cin abinci, ki sake komawa da yamma. Ki ga ko mutane na zaune a kujera cikin tufafinsu ko duk suna kwance, ki ji ko warin fitsari ya tare ki a ƙofa, ki tambaya mutum nawa ke hannun mai kula ɗaya da dare, kuma wa ake kira idan wani ya rikice.

Ga ra'ayina. A bar shi a asibiti 'yan kwanakin da za a gano dalilin ruɗewar a magance shi, amma a cikin kwanakin nan a riƙa tashinsa yana takawa kullum, gwargwadon abin da likitan ƙashi ya amince. Daga nan, idan akwai aƙalla mutum biyu masu ƙarfi da za su raba dare, kuma mai gashin ƙashi zai riƙa zuwa, a koma gida. Idan babu, a kai shi wurin farfaɗowa na 'yan makonni, da ranar komawa gida a rubuce. Ba yar da shi kuka yi ba idan kuka zaɓi haka.

Duk wanda kuka zaɓa, ranar sauyin wuri ita ce mafi haɗari, musamman wajen magani. Na taɓa zuwa duba wata tsohuwa kwana huɗu bayan an sallame ta, tana ta jiri duk lokacin da ta miƙe. Da na ce a kawo mini duk abin da take sha, sai ga maganin hawan jini iri ɗaya a kwali biyu masu suna daban, tsohon na gida da sabon na asibiti, 'yarta tana ba ta duka biyun da kyakkyawar niyya. Ki tattara duk magungunan Baba na gida a leda ɗaya, ki kai wa likita ko mai ba da magani, a ware wanda zai ci gaba da sha da wanda aka tsayar. Ki tambaya musamman a kan maganin sukari, don idan cin abincinsa ya ragu amma maganin bai ragu ba, sukari zai faɗi, ya yi gumi, ya ruɗe, a ɗauka ruɗewar baya ce ta dawo. Ki tambaya har yaushe zai sha maganin hana jini daskarewa, wanda galibi ake ci gaba da shi na wasu makonni bayan aikin ƙugu, da ranar cire ɗinki, da nauyin da aka yarda ya ɗora wa ƙafar. A rubuta miki duk wannan a takarda tare da lambar da za ki kira da dare. Idan kika ga ƙwabrinsa ya kumbura, ko numfashi ya yi masa wuya farat ɗaya, ko wurin aikin ya fara fitar da ruwa da zazzaɓi, ko ya sake birkicewa, kada ki jira gari ya waye, ki mayar da shi asibiti. Kafin ku fito kuma, ki ce wa nas ɗin ta tsaya a gefe, ke ki tashe shi daga gado zuwa kujera da hannunki tana kallo, sau biyu ko uku, har sai ta ce ya yi.