Na'urar gwajin ruwa da na sayo wa tarwadata a Adum

Tankin tamfol uku nake kiwon tarwada a ciki, a bayan gidanmu a Aboabo, cikin Kumasi. Cikin watan Maris, da rana ta buɗe sosai, kifin suka daina cin abinci, kusan kullum da safe sai na tsamo matattu biyu ko uku. Shi ya sa na tafi Adum na sayo 'yar na'urar nan mai kama da biro, wadda ke auna pH (wato lambar da ke nuna tsamin ruwa ko akasinsa) da zafin ruwa tare.

Yaron shagon ya ce, "Alhaji, da kanta take gyara lissafin zafi, ka tsoma ka karanta kawai." Na tsoma da asuba, na tsoma da la'asar, duk wajen 8 take nunawa. Na ce to lafiya lau ke nan, amma mutuwa ba ta tsaya ba.

'Yar ƙanwata da ke karatun kimiyya a jami'ar KNUST ce ta warware mini. Ta ce, "Kawu, bakin na'urar kaɗai ake gyara wa lissafi, ruwan kuwa zafi na nan yana aikinsa." Ashe ƙazantar da kifi ke fitarwa kashi biyu take zama a ruwa: amoniyam, wanda cutarwarsa kaɗan ce, da amoniya, wadda ke ƙona musu matsefin numfashi. Ɗaya na rikiɗa ya koma ɗaya, kamar sikeli, zafi kuma ɓangaren gubar yake danna wa. A pH 8, in ruwa na digiri 20, gubar ba ta kai 4 cikin 100 ba. A digiri 30 ta haura 7. Lamba ɗaya a fuskar na'ura, guba kusan ninki biyu! Ta kira sunan wani Bafaranshe, Le Chatelier, masanin da ya bayyana wannan ƙa'ida, ni dai tankina nake kallo, da ma'aunin ya nuna 31.

Don haka ma'aunin zafin da na raina shi ya fi yi mini amfani. Na kafa rumfar buhuna, na rage abincin rana, ina sauya ruwa kafin azahar.

Aibin na'urar: ba ta auna amoniya, sai ka sayi ruwan ɗigawa na gwajin amoniya daban. Hodar saita ta da aka haɗo a kwali ƙulli uku ne kacal, bayan sati biyu lambar ta fara yawo. Da na koma neman ƙari, yaron ya ce sai kaya sun iso daga Accra. Har yau ina jira.