Ender-3 V2 da farfelar injin iska: abin da take iyawa da inda take gazawa

Ɗaliban injiniya da masu bincike kan lantarkin iska sukan tambaya ko firintar 3D mai arha za ta iya fitar da farfelar da za a ɗora a kan turke ta yi aiki. Ɗaya daga cikin irin waɗannan firintoci ita ce Creality Ender-3 V2, wadda ta fito a 2020. Tana narka zaren roba mai kauri milimita 1.75, ta zuba shi shimfiɗa bisa shimfiɗa ta bakin nozul na milimita 0.4. Faɗin abin da take bugawa santimita 22 ne kowane gefe, tsayi kuma 25.

Kafin a zargi na'ura a fara lissafin iska. Farfela mai faɗin mita ɗaya, a iskar mita 5 cikin daƙiƙa, ƙarfin da ke ratsa ta kusan wat 59 ne. Ƙa'idar Betz ta ce babu injin da zai kama fiye da kashi 59 cikin ɗari, ƙaramin inji kuwa in ya kama kashi 30 ya yi ƙoƙari. Wat 18 ke nan, na cajin waya da kunna ƙwan lantarki biyu. Kada a haɗa shi da injunan Lambar Rimi a Katsina, guda 37 masu kilowat 275 kowanne. Aikin wannan firinta gwaji ne da koyarwa, kuma a nan ta cancanci kuɗinta.

Siffa tana fitar da ita da kyau. Fiffike mai siffar da ake kira NACA 4412, da murɗewar da yake yi daga gindi zuwa baki, abin da kafinta zai kwana biyu yana fiƙa ba tare da fukafukai ukun farfelar sun zo daidai ba, ita tana fitar da su iri ɗaya. Sai dai fiffiken santimita 45 ya fi ƙarfin tsayinta, dole a raba shi biyu.

Matsalar tana wajen tsayar da shi. In aka buga fiffike a tsaye fatarsa takan yi sumul, amma shimfiɗun suna kwance ne a gicciye da inda juyi ke ja. A iskar mita 8, farfelar nan tana iya juyawa sau 900 a minti ɗaya, kuma fiffike mai nauyin giram 150 yana jan gindinsa da ƙarfin da ya kusa kilo 28. Wurin da yake tsagewa kullum tsakanin shimfiɗa da shimfiɗa ne, dab da noti. Maganinsa a bar rami tun a zane, a zura sandar alminiyam ko ta kabon mai milimita 8 daga gindi har kusan baki, a liƙe da gam ɗin epoxy, a goge da samfefa, a lulluɓe da ƙyallen faiba. Sannan a auna ukun a sikeli. Bambancin 'yan giram kaɗan ya isa ya sa turke rawa har boris ya ci.

A cikin nau'o'in zaren roba, PLA shi ya fi sauƙin bugawa, nozul a digiri 200 zuwa 210, farantin da ake bugawa a kai 60. Amma yana fara laushi a wajen digiri 60, kuma baƙar roba a ranar Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri tana iya kaiwa nan. Fiffiken sai ya lanƙwashe a hankali. PETG ya fi jurewa, har kusan 80, yana son nozul a 235 zuwa 240. Kada a wuce haka da yawa, domin farin bututun PTFE da ke shiga har bakin nozul yakan ƙone ya toshe hanya. ASA ne ya fi jure rana, sai dai yana buƙatar akwati a rufe da zafin da ya kai iyakar na'urar.

Hannun firintar da ke matse zare na roba ne, yakan tsage ta ƙasa inda ido ba ya gani, sai zare ya riƙa zamewa, bugu ya fito da ramuka. A sayi na ƙarfe tun ranar farko. Ƙurar hunturu kuma tana bin zare ta shiga nozul. Ɗan guntun soso da aka maƙala wa zaren kafin ya shiga yana tare ta. Da damina a ajiye PETG cikin bokiti mai murfi, in ya sha raɓa za a ji shi yana ƙara tas-tas yana barin gashi.

Ana tallata cewa tana ci gaba daga inda ta tsaya in an ɗauke wuta. Tana yi, amma faranti ya huce, wurin haɗin kuma ya zama rauni, a fiffike kuwa wannan karaya ce mai jiran rana. Rabin fiffike yakan ci awanni da yawa, don haka a jona ta a inbata da batir. Wat 350 na gidan wutarta shi ne iyakar abin da za ta ja. A kuma duba ɗan makunnin 115 da 230 da ke jikin gidan wutar kafin a jona, ya kasance a kan 230.

Wanda yake son farfelar da za ta shekara a waje, gara ya buga mazubi gida biyu da PETG, ya shafa masa kakin hana mannewa, ya zuba faiba da epoxy a ciki. Mazubi ɗaya zai fitar da fukafukai da dama masu nauyi kusan ɗaya, robar kuma tana zaune a inuwar shago.