Tayar rola dabi: a fara tambayar daɓe kafin a tambayi kuɗi

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kowa yana lafiya, ga bayanin tayoyin da ka nema daga nan Ingila, tunda samarin da ke zuwa shagonka sun fara tambayar takalmin da suke gani a bidiyon rola dabi, wato wasan tsere da turereniya a kan takalmi mai taya.

Takalmin ba irin wanda yara ke gudu da shi a kwalta a Kano ba ne, mai siraran tayoyi jere a layi ɗaya. Na dabi tayoyinsa biyu gaba biyu baya ne kamar mota, kuma dokar WFTDA, ƙungiyar da ke tsara wasan a shimfiɗaɗɗen fili, ba ta yarda ɗan wasa ya shiga da wani iri ba. Tayar wancan ba ta hawa wannan, don haka kada wani dillalin gwanjo ya ce maka duk ɗaya ne. Wasan ya samo asali ne a Chicago a 1935 a hannun Leo Seltzer, mata suka farfaɗo da shi a Austin ta jihar Texas a farkon shekarun 2000, ya iso Landan a 2006. Kowane ɓangare mutum biyar ne: ɗaya mai tauraro a hula, ita ke cin maki idan ta wuce abokan hamayya, sai huɗu masu tare hanya. Kowane karo ba ya wuce minti biyu, kuma hagu ake zagayawa. Ke nan aikin tayar ba gudu kaɗai ba ne. Akwai cin kwana, da turereniya, da taka birki nan take, kuma a nan ne taya mai kyau ke bambanta da ta banza.

Abu na farko da ake dubawa shi ne lambar da ke jikin tayar, mai harafin A a ƙarshe: 84A, 88A, 93A, 97A. Ma'aunin tauri ne. Ƙaramar lamba taushi, babba tauri. Mai taushi tana kama ƙasa amma tana cin ƙarfin ƙafa, mai tauri tana gudu tana kuma zamewa. Ta yawo a titi 78A ce. Akwai ta tsakiya, wajen 84A, kamar Atom Poison, wadda ke yin waje da ciki. Yawancin 'yan dabi suna tsakanin 88A da 97A. Za ka ga 101A da 103A a kasuwa, alhali ma'aunin a 100 ya tsaya, abin da ya haura nan lissafin kamfani ne. Wannan ma ya isa ya nuna maka cewa 93A ta wannan kamfani ba lallai ta zo daidai da 93A ta wancan ba, domin haɗin robar ya bambanta.

Daɓen ne ke zaɓen lambar, kuma ƙa'idar a juye take: daɓe mai santsi, taya mai taushi, daɓe mai kamu, taya mai tauri. A nan yawancin ƙungiyoyi hayar zauren wasanni na makarantu ko na ƙaramar hukuma suke yi, kuma kowane zaure da halinsa. Gogaggen siminti da tsohon katakon da fentinsa ya cinye suna da santsi, sai 84A zuwa 88A. Katakon da aka shafa wa sabon fenti, ko daɓen roba irin na wasan badminton, kamar danƙo yake, sai 95A zuwa sama. Shi ya sa ba za ka ga gogaggiyar 'yar wasa ta je gasa a wani gari da saiti ɗaya a jaka ba. Biyu ko uku take ɗauka, ta zagaya filin sau biyu, sannan ta zauna ta canza.

Gane kuskuren ba wuya. Idan tayar ta yi wa daɓen tauri, ƙafar waje tana sulɓewa a kwana, mutum ya riƙa rage gudu don tsoro, kuma idan aka ture shi ba ya iya dogarewa. Idan ta yi taushi, a wajen birki ake ji. Birkin dabi buɗe ƙafafu ne a karkato yatsu ciki a danna gefen taya, kuma dole sai tayar ta ɗan zame kafin ta tsaya. Mai taushi ba ta zamewa, sai ta riƙa cijewa tana saki, ƙafa na kakkarwa, duk nauyin ya koma idon sawu da gwiwa. Wadda ta dace takan yi 'yar ƙara kamar ta birkin keke, ta ja taku ɗaya, ta tsaya cak.

Nauyin mai takalmin ma yana shiga lissafi. Mai jiki yana danne robar ta baje, don haka 93A a ƙafarsa tana kamu kamar 88A a ƙafar siririn yaro. Mutum biyu a daɓe ɗaya, mai nauyin zai hau da lamba uku zuwa biyar a kan na ɗayan.

Sai girma. Tsayi biyu ne suka yi yawa, milimita 59 da 62. Ta 59 tana saurin tashi, ba ta da nauyi, kuma tana sauko da mutum kusa da ƙasa. Ta 62 ta fi riƙe gudu idan an miƙe. A faɗi kuwa akwai milimita 44, da 38, da siririya wajen 31. Takalmin 'yan koyo yakan zo da mai faɗin, saboda tana ba da natsuwa, amma a cikin cunkoso tayarka na harɗewa da ta maƙwabci ku zube tare. Siririyar ta masu tauraro ce da ke rawa a bakin layi, ba ta yafe kuskure. A ganina 59 da faɗin 38 ita ce wadda ba za ta kwana a shago ba, kuma ita ce girman Radar Halo da ake yawan gani a ƙafafu a nan.

Cibiyar tayar, inda boris ke zama, ko ta roba mai tauri ce ko ta alminiyom. Ta robar ta fi arha da rashin nauyi, tana ɗan lanƙwasa ta ƙara kamu. Ta alminiyom, irin Sure-Grip Zombie, ba ta lanƙwasa, ta fi wa mai jiki, sai dai sa mata boris da hannu wahala ne, gara da na'urar matsawa. Kada a buga da guduma.

Akwai wata dabara da ke rage kashe kuɗi. Tunda hagu ake zagayawa, tayoyin gefen hagu na kowace ƙafa su ne ke ɗaukar turi a kwana. Sai a sa masu taushi a nan, masu tauri a gefen dama, misali 88A da 93A. Sharaɗin shi ne tsayinsu ya zama ɗaya, an fi so ma a ce samfuri ɗaya ne, kuma kada tazarar lambar ta yi nisa.

Yanzu batun saye, inda baƙo ke shan mamaki. Tayar dabi huɗu-huɗu ake ƙunshe ta, takalmi kuwa takwas yake ci. Farashin da ka gani a shafin intanet na ƙafa ɗaya ne, sai ka ninka. Wannan tsari na da amfaninsa, don shi ke ba da damar haɗa taushi da tauri, amma da yawa sun buɗe kwali sun tarar da rabin kaya. Kuma babu boris a ciki.

Manyan kamfanonin na Amurka ne, kamar Riedell da ke garin Red Wing a Minnesota, mai tayoyin Radar. Farashin Amurka yakan yi kama da arha, amma a can ba a haɗa harajin saye a kuɗin da ake nunawa, a Ingila kuwa harajin kashi 20 cikin ɗari yana cikin farashin tun farko. Wanda ya yi odar Amurka zuwa nan zai biya wannan harajin, ga kuɗin jirgi, kuma idan kayan sun haura fam 135 ana iya ɗora kuɗin kwastan, kamfanin da ya kawo ma ya caji ladansa. Arhar ta tafi. Saye a nan yana da wata kariya da babu ita a kasuwarmu: kayan da aka saya ta intanet ana iya fasa cinikinsu cikin kwana 14 da karɓa. Amma da zarar taya ta taka daɓe ta zama tsohuwa, mai shago na da ikon rage kuɗin. Abin da 'yan wasa ke yi shi ne aro. Ana karɓar saitin abokiyar wasa a gwada na dare ɗaya kafin a saya, kuma tsofaffin tayoyi masu sauran rai suna yawo a zaurukan Facebook da rangwame mai yawa. Gwanjon da ya kamata a nema ke nan, idan har gefen tayar bai cinye ba.

Boris kuwa, Yaya, kada ka ɓata kuɗin jirgi a kansa. Lamba 608 ne, rami milimita 8, faɗin da'ira 22, kauri 7, biyu a kowace taya, 16 a takalmi. Shi ne dai wanda masu kayan injin da masu gyaran fanka ke sayarwa a Sabon Gari. Na nan, irin Bones Reds, mai ruwa-ruwa ake sa masa don ya yi saurin juyawa. Na gida cike yake da giris, ya fi nauyin juyawa, amma mai murfin roba gefe biyu, wanda aka rubuta wa 2RS, ya fi jure ƙurar hunturu. A dai auna sandar da tayar ke hawa, domin wasu takalman milimita 7 ce, su kuma 627 suke ci. Idan boris ya fara ƙara, a wanke da kalanzir, a bari ya bushe sarai, a ɗiga man keken ɗinki ɗigo biyu. Ruwa tsatsa yake sa shi.

Yawancin tayoyin da ke mutuwa da wuri, hannu ne ke kashe su. Noti na sandar milimita 8 sifana 13 yake ci. A ɗaure har tayar ta daina girgiza, sannan a ɗan sassauta ta juya da kanta. Idan an matse da yawa boris ya tafi, idan kuma robar cikin notin ta cinye har yana juyawa da yatsa, a canza shi kafin taya ta fita ana tsakar gudu. Jan ƙafa a gicciye don tsayawa yana shafe wuri ɗaya a tayar, daga nan sai ka ji ƙwas-ƙwas duk juyi, kuma ba ta gyaruwa. Zagayen hagu kullum yana cinye gefe guda har tayar ta zama kamar mazurari, maganinsa a riƙa sauya musu wuri lokaci-lokaci. Ƙura kuma tana mayar da 88A kamar sabulu. A cire boris, a goge tayar da jiƙaƙƙen tsumma, a share filin a bi shi da ɗanyen mofa kafin a fara.

Abin da ya rage shi ne inda samarin za su yi wasan. Idan filin kwando ne na waje mai kaushin siminti, taya mai tsada ta cikin zaure asara ce, kaushin zai goge ta, ga girgiza har haƙora. 78A zuwa 84A ce tasu. Idan zaure ne mai tarazo ko gogaggen siminti, a fara da 88A, masu jiki su hau 91A ko 93A. Tayil mai ramuka tsakanin layi bai dace ba sam. Ka sa a ɗauko hoton daɓen daga kusa, a shafa tafin hannu a gani ko yana kwaso ƙura, a kuma auna sandar takalman da ke hannu. Da waɗannan ukun za a san ƙunshi nawa za a saya da kuma wace lamba. A gaida su Hajiya.